Kafin a Kwance Ƙulli

Daren da Baba zai tafi Gummi karɓar albashi, gidanmu ba ya yin shiru da wuri. Ana idar da sallar lisha yara za su fara kwaɗa sallama a zaure, kowa da ɗan tsumma ƙulle a hannu. "Wai in ji Inna, a sawo mata kanwa ta sule da shuɗi, in canji ya rage a haɗo da allura." Wani ya ce kakarsa goro take so, fari, kada a sake kawo mata ja irin na wancan watan. Wata yarinya ta tsaya tana sosa kai, ta manta abin da aka aiko ta, sai an kora ta gida ta sake jiyowa. Baba na zaune a kan buzu da fitilar ƙwai a gabansa. Zai kwance ƙulli, ya ƙirga a kan idon ɗan aiken, ya rubuta a bayan wata tsohuwar rajista da makaranta ta gama da ita, sa'an nan ya mayar da kuɗin cikin tsummansu ya ɗaure. Bai taɓa haɗa kuɗin wani da na wani ba. Ran nan na tambaye shi, tun da duk ya rubuta, me zai hana ya zube su aljihu guda ya huta? Bai ko ɗago ba ya ce, "Uwata, takarda jiƙewa take yi."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Inna kuwa, da yake ni ce 'yar fari, har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. "Ke" ce, in ta ji daɗina kuma "ke 'yar nan".

A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Bukkuyum, aike na yara ne, cefane na maigida, sautu kuwa na duk wanda ƙafarsa za ta kai babbar kasuwa. Matan aure ba sa fita, tsofaffi ƙafa ta gaza, maza kuma da damina ba mai barin noma saboda allura. To ga Malam, wato Baba, wanda gwamnati da kanta take kira Gummi duk wata, ga keke, ga rubutu, ba ya kuma cin canji. Ai sai gari ya sakar masa. Yana cikin samarin da guguwar UPE ta kwasa a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, aka rasa masu koyarwa, aka shiga ɗebo duk wanda ya ɗan taɓa boko ana ba shi horon gaggawa. Daga baya ne ya koma ya samo takardar malanta mai daraja ta biyu. A lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yi Zamfara ba sai 1 ga Oktoba 1996. Bukkuyum ma ba ta samu ƙaramar hukumarta ba tukuna, saboda haka duk abin da ya shafi takarda da hatimi Gummi ake nufa.

Ni a wurina Gummi ita ce ƙarshen duniya. Na san garin Sarkin Mafara ne, na san can aka haifi Shehu Abubakar Gumi da muke jin tafsirinsa a Rediyon Kaduna da azumi, amma ba wannan ne ya dame ni ba. Gummi ita ce inda alewa da busasshen kifi suke fitowa.

Keken Baba Raleigh ne baƙi, ya girme ni. A bayan sirdi akwai wata 'yar jakar fata da ba ta rabo da faci da sholisho da sifana biyu, famfo kuma na maƙale a jikin ƙarfe. Da ya yi asuba zai fita tun da sauran duhu, ya bi burtali har ya faɗa hanyar Nasarawar Burkullu. In ya yi sa'ar mota a ɗaure keken a saman a-kori-kura, a bi ta Daki Takwas a shiga Gummi. In babu, sai ƙafa da feda. Da rani rairayi ne ke riƙe taya, da damina laka da gulbi. Gulbin Zamfara da ya ratso ta Anka ya nufi Gummi, da rani yaro ma yana taka shi, amma in ruwa ya sauka sosai sai a jirgi, a ɗora keke a tsakiya mutane su dafa shi. Ruwan ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Ko a Satumbar 2024 jirgi ya kife da manoma a Gummi suna kan hanyar gona, aka yi asarar rayuka da yawa. Albashin kansa ba kullum ake samu ranar da aka je ba. Wani zubin a wuni a gindin bishiya, can a ce mai biya bai iso ba, a dawo jibi. Ko da haka ta faru Baba zai shiga kasuwa ya yi wa mutane sautunsu tsaf, ya dawo da kayan kowa, ban da namu.

Mu kuwa daga la'asar kunnenmu na kan hanya. Ƙararrawar kekensa tana da wata 'yar shaƙewa a bugu na biyu, ko cikin keke goma za mu gane ta. Da mun ji sai rige-rige. Amma Inna tana da doka guda wadda ba ta da sassauci: ba mai taɓa kaya sai an yi wa Malam sannu da zuwa, an kai masa ruwa, ya yi sallar da ake binsa, ya sha fura. Keke na jingine a zaure da lodi har ya fi sirdi tsawo, ƙamshin kifi da mazarƙwaila na dukan hancinmu, mu muna durƙushe muna "sannu Baba, ya hanya Baba," ido na can wani wuri. Sai ya gama tsaf za a shimfiɗa tabarma a kunna fitila. Gishiri, manja a kwalba da toshiyar totuwa, kananzir, ashana, lagwani, ƙwan fitila naɗe cikin tsohuwar jarida don kada ya fashe, tozali, masoro da kimba na mai jego, batir ɗin rediyon liman. Kowane tsumma zai koma gidansu da kayansa da canjinsa, ko kwabo ne. A lokacin har yanzu da fam ake lissafi a bakin tsofaffi, ko da yake Naira ta shigo tun 1973, sai Baba ya yi ta fassara wa 'yan aike: fam guda Naira biyu ke nan, je ka faɗa mata haka.

Washegari tukwici ke biyowa. Wata tsohuwa ta aiko da ƙwan zabi uku, wata da ɗan curin daddawa. Wasu ko sannu. Akwai ma wadda duk wata sai ta aiko a ce kanwar ta yi kaɗan, ko an ba Malam manja gauraye. Inna takan cika ta yi fam, ta ce a daina karɓar na gidan. Baba ya yi dariya ya ce mai sautu ai ba ya rasa laifi, wata mai zuwa kuma ya karɓa.

Kada a ɗauka albashin nan ne kaɗai ya riƙe gidan. Daga 1986 da aka shigo da tsarin tattalin arziki na SAP, Naira ta fara zubewa, kuɗin da a da yake kai mu ƙarshen wata ya koma ba ya wuce tsakiyarsa. Abin da ya rufa mana asiri man gyaɗar Inna ne. Ba ta taɓa taka kasuwa ba, amma manta da ƙulinta sun ci kasuwanni. Tun kafin kiran assalatu za ka ji tana suyar gyaɗa a kasko, ta murje, ta busa, a kai niƙa, ta zauna tana juya ƙullin a turmi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ta kwashe, ta mulmula tunkuza ta soya. Hannunta duk tabon ƙuna. Ni ce mai talla bayan an tashi makaranta, Baba kuma mai kai kwalabe Gummi. Wato keken da ke dawowa da lodi, da lodi yake tafiya. Daga kuɗin man take zubin adashi, daga adashin aka saya mini akwatin ƙarfe da na tafi makarantar kwana da shi. Ba a rubuta wannan a rajistar kowa ba.

Babbar Sallah ta 1988 ta faɗo cikin Yuli, tsakiyar wata damina mai ruwa, wadda a cikinta madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano. Ina da shekara goma. Na ga wani jan takalmi mai maɗauri a ƙafar wata 'yar ajinmu da yayanta ya kawo mata daga Gusau, na hana kaina sukuni, na hana Baba. Har ya ce to. Daren tafiya, bayan 'yan sautu sun watse, ya ce in taka ƙasa. Ya zaro tsinke daga tsintsiyar Inna, ya gwada daga diddigena zuwa babban yatsa, ya karya daidai nan, ya sa a aljihun gaba na rigarsa tare da ƙulle-ƙullen mutane. Ban yi barcin kirki ba.

Ranar aka wuni ana ruwa. Magariba ta yi, lisha ta wuce, ba ƙararrawa. Inna ta fita zaure ta dawo ya fi a ƙirga, ba ta ce komai ba. Sai da ƙafa ta ɗauke muka ji shi, ba a kan keken ba, turo shi yake, laka har gwiwa, riga ta manne masa a jiki. Ni ban ga wannan ba sai daga baya, da na riƙa tunowa. Abin da na gani a daren wani ƙunshi ne a saman kaya mai siffar takalmi. Ban yi sannu ba, ban jira ruwa ba, na fizge shi na kwance. Baƙin takalmin roba ne irin na maza, wanda ake zuwa gona da shi, ya kuma fi ƙafata da yatsa biyu. Na yi jifa da shi, ya bugi randa. Na ce ba na so, na fashe da kuka.

Baba ya dube ni, ya dubi takalmin, ya ce, "Ƙahwa za ta ishe shi, Uwata." Ya wuce ya ɗauki buta.

Na ɗauka Inna za ta dake ni. Da ma ta dake ni ɗin. Ta ɗauko takalmin ta goge shi da gefen zanenta, ta ajiye a gabana, ta yi ƙasa da murya yadda shi ba zai ji ba. "Ke, ba kaya aka yi ma godiya ba. Ƙahwa aka yi ma." Ta tashi ta kai masa fura. A daren rajistar nan ta jiƙe ta zama dame, tawada ta cakuɗe, ba a iya karanta ko layi ɗaya. Da tsummokara ya raba kayan, yana ɗaga kowanne a gaban fitila: wannan na gidan liman ne, wannan na gidan maƙera. Uku ne kawai ba su da tsumma, ya naɗe su a takarda ya ce na su wance ne. Ban kawo komai a raina ba. Takalmin kuwa na sa shi ranar Sallah ina kumbure-kumbure, da tsumma cushe a gaba. Shekara uku ina sa shi. Ƙafar ta ishe shi, har ta wuce.

Sai a 2002, da na je gida wankan haihuwar fari, Inna ta ba ni sauran labarin. Tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, ina ihu, ita kuma tana magana kamar da wani take. Ashe a ranar, cikin cunkoson kasuwar jajibirin Sallah, ɗan sane ya yanke masa aljihun gaba. Ƙulli uku suka tafi, har da na wata gwauruwa da ta tara kuɗin turmin atamfa na auren 'yarta, da tsinken ƙafata. Albashin yana aljihun ciki, ya tsira. Baba ya tsaya ya saya wa mutum ukun nan kayansu daga albashinsa, har canjin da ya kamata su samu ya ƙirga ya sa. Abin da ya rage bai kai jan takalmi ba, bai kai kuɗin mota ba. Bai faɗa wa kowa ba sai ita, ya kuma ce kada ta faɗa. A watan, in ji ta, manta ne ya ciyar da mu tun daga ranar farko.

Na daɗe ina juya wannan a raina, har yau ban gama yanke hukunci ba. Malaman fiƙihu sun ce amana in ta salwanta ba da sakaci ba, babu ramuwa, Baba kuma ya san haka sarai, ya yi karatun zaure kafin boko. Da ya dawo ya ce an yi masa sane, ba wanda zai ƙaryata shi. Wani lokaci nakan ce, ai da cikinmu ya sayi mutuncinsa, bai kuma yi shawara da mu ba. Wani lokaci kuma in tuna gwauruwar nan, in ga da ya faɗa mata gaskiya cewa za ta yi Allah ya mayar da alheri, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, 'yar ta tafi gidan miji da tsohon zane. Na tambayi Inna ko ta ji haushi a lokacin. Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Juya in wanke miki gaba."

Bayan na gama makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe aka tura ni Anka, garin Sarkin Zamfara, nan na yi aure, nan nake har yau. Maigidana a Gusau yake aiki, sai ƙarshen mako ya biyo ta Mayanci ya zo, in hanya ta yi kyau. Saboda haka cefanen da na taso na san na maigida ne, a kaina ya sauka. Kafin bakwai na safe na dama koko, na tsayar da mai ruwa ya juye jarka huɗu, na nemo safar da ta ɓata, na ɗora uku a kabu-kabu ɗaya ina jan kunnen mai babur ya tafi a hankali. In na tashi aiki in biya injin niƙa, in biya wurin mai cajin waya, in tsaya wurin mai POS, in sayi kayan miya, in tuna an ce a zo da kuɗin jarrabawa a Islamiyya, in koma. Ranar da na manta magi sai an sake fita. Ba wani abin a-zo-a-gani a ciki, amma in ɗaya ya faɗi, gidan duka sai ya ji.

Sautu ma ya biyo ni. Da yake ni ce mai fita kullum, matan layinmu suna turo yara: a sawo mata maganin tari, a duba mata ko sakamakon awo ya fito, a biya wurin tela. Ina karɓa, amma ba zan ɓoye ba, sau da yawa da tsaki a ciki. Kuɗin kuma duk jaka ɗaya nake zubawa, in dawo ina ta lissafi da ka, wani canjin ya shige nawa, wani nawa ya shige nasu. Yarana kuwa, ina shigowa ledar hannuna suke kallo. "Umma me kika sawo?" Ran da babbar ta buɗe leda ta ce ba irin wannan biskit ta ce ba, na ji maganar Inna ta taso mini har maƙogwaro. Na faɗa mata ita, da Hausar yanzu. Ta dube ni kamar na yi yaren Sin.

Shekarar 2010 ce ta sa na daina raina abin da uba yake ɗaurowa a bayan abin hawansa. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mazan ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙo duwatsu. Ba a bakin rami suke barin su ba. A buhu ake ɗauro su a babur a kawo gida, a niƙa a inji irin na hatsi, ko mata su daka a turmi a tsakar gida. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na ta mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyuka, daga nan duniya ta ji sunayen Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji, da 'Yargalma da Tungar Guru a ɓangaren Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka tafi. Aka shiga kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, ana ba yara maganin da ke fitar da dalmar daga jini. Bagega, da ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta, bayan an sha kiraye-kiraye.

Akwai wani magidanci da ba na mantawa. Matarsa na jinyar ɗansu ɗan shekara biyu a wurin aikinmu, shi kuma kullum sai ya zo daga ƙauye da kwanon fura ɗaure a bayan babur, ya miƙa, ya koma gindin katanga ya zauna. Ba ya shiga. Ran nan na fito zan tafi gida ya tare ni, yana murza hularsa a hannu. Na zaci zai tambayi jikin yaron ne. Sai ya ce, "Malama, ni nik kawo shi gida da hannuna. Cewa nike abinci nik kawo." Duk abin da aka koya mana na faɗa wa iyaye ya gudu daga kaina. Na ce masa Allah ya ba shi lafiya, ya ce amin, ya sa hularsa. Da na isa gida ban bar yara sun taɓa ni ba sai da na cire takalmi a ƙofa na wanke hannu da ƙafa, suna tsaye suna jira, suna mamakin abin da ya same ni.

Inna ta rasu a 2016. Baba ya yi ritaya, ya ƙi barin ƙauye, keken na jingine a zaure taya ta sace. Da waya muke gaisawa, in tura masa kuɗi wurin wani mai shago. Sai farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, don a matse 'yan bindiga. Mutanen Gusau har Funtuwa suke zuwa don su buga waya. Mu kuma muka koma gidan jiya: wasiƙa a hannun direba, saƙon baka a tasha. Wata ranar wani yaron mota ya yi sallama a ƙofata ya miƙo mini hankici ƙulle, da takarda a ninke. Rubutun nan ne mai kwanciya dama, wanda na sani a allon aji uku. Maganin hawan jininsa ya ƙare, ga kuɗi, in akwai canji a haɗo da batir. Karo na farko ke nan da Baba ya ba ni sautu. A Janairun 2022, da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka kashe mutane masu yawa, 'yan gudun hijira suka ƙaru a Anka, ƙannena suka je suka ɗauko shi ba da son ransa ba. Da buzunsa ya zo da rediyo. Keken yana can.

Yanzu ɗakin zaure na gidana nasa ne. Ido ya yi rauni, amma duk safiya in zan fita sai ya kira ni. Goro na kaza, batir, wani lokaci reza. Na ce ya bar kuɗinsa har na gaji. Sai ya ƙirga daga ɗan fanshonsa ya ƙulle a hankici ya miƙo. Kwanan baya na taso aiki a makare, kaina ya ɗau zafi, ga layin mai POS, ga ƙaramin an ce yana zazzaɓi. Na tsaya a shago na ce a ba ni batir, na karɓa ban duba ba. Na shigo ana kiran magariba na miƙa masa ledar daga tsaye.

Bai buɗe ba. Ya ɗora ta a kan buzu ya ce, "Sannu Uwata, sannu da hanya. Allah shi yi albarka. Jeki sha ruwa." Sai da na yi salla na dawo na tarar ya kwance. Ƙananan batir ne, rediyonsa manya take ci. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya kai su kusa da ido, ya tura ƙarƙashin matashi ya ce za su yi wa tocila.

Na zauna a bakin tabarma. Na ce, "Baba, ka tuna takalmin da ka sawo mini da Babbar Sallah, shekarar da aka yi ruwan nan? Baƙi, na roba?"

Ya yi shiru yana tauna goro, ya daɗe.

"Wane takalmi?"

Na fara ba shi labari, na kai wurin tsinken tsintsiya, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya miƙo tafinsa.

"Ƙanana ai sun hi manya araha. Ina canjina?"